Bashin Jini a Labaran Dodanni: Martin, Tolkien ko Le Guin, Wanne Za Ka Fara Saya?

Ɗan ƙanwata ne ya jawo wannan rubutun. Ya zo hutu daga makaranta bayan ya cinye zango biyu na shirin talabijin ɗin nan House of the Dragon a wayarsa, bakinsa cike da sunayen dodanni kamar yaron da ya haddace dawakan hawan Daushe. Ranar nan bayan isha'i muna zaune a tsakar gida, ya matso kusa da tabarmata ya ce, "Kawu, kuɗin littafi ɗaya ne da ni. Ina son labarin dodo da ramuwar gayya, irin wanda idan na gama zai daɗe yana damuna. Wanne zan saya?" Na buɗe baki zan ba shi amsa, sai littattafai uku suka taso mini a lokaci guda, kowanne yana neman a fara ambatonsa. Na ce ya ba ni zuwa jibi.

Dodon da nake magana a kai shi ne ƙaton macijin nan na labaran Turawa, mai aman wuta, galibi da fukafukai. Wanda ya fi kusa da shi a wurinmu shi ne macijin rijiyar Kusugu a Daura, wanda ya hana mutane ɗiban ruwa sai ranar Juma'a, har baƙo Bayajidda ya zo ya sare kansa. A labarinmu lissafin ya fita sarai: maciji ya mutu, gari ya sha ruwa, jarumi ya auri Daurama, babu wanda ya kwana da bashin wani. Littattafan nan uku kuwa, duk a kan bashin da ya rage suke. Shi ya sa da na zauna auna su ban kula da wane dodo ya fi girma ko wane yaƙi ya fi ƙura ba. Tambaya ɗaya na riƙe: idan aka zubar da jini, wa yake biya? Mai laifin, ko ɗan maƙwabcinsa, ko kuwa wani ne yake sa hannu a aljihunsa ya biya abin da bai ci ba?

Zan fasa ƙwai da yawa a nan, har da ƙarshen labaran. Wanda ba ya son haka ya tsallaka zuwa kashi na ƙarshe.

Martin: wutar da ke cin na gefe

Fire & Blood na George R. R. Martin ya fito a watan Nuwamban 2018, kuma daga cikinsa aka ciro shirin da yaron nan ya kalla. Mai saye ya sani tun farko, ba a rubuta shi kamar ƙagaggen labarin da aka saba ba. An tsara shi ne kamar littafin tarihi, wai wani masanin ƙasar mai suna Gyldayn ne ya tattara shi daga majiyoyi masu ƙaryata juna, ciki har da wani malamin addini na fada da wani wawan sarki, Mushroom, wanda bakinsa ba ya rabo da batsa. Sai a kawo maka ruwaya biyu ko uku kan abu ɗaya, a bar ka da zaɓi. Daga nesa kake kallon mutanen, ba ka taɓa shiga zuciyar kowa.

Tushen rigimar kuwa, duk Bahaushe ya san shi: 'yan ubanci ne. Sarki Viserys ya ayyana 'yarsa Rhaenyra a matsayin magajiyarsa, manyan ƙasa suka yi mata mubaya'a. Daga baya ya ƙara aure, amarya Alicent ta haifi maza. Da ya rasu aka ɓoye mutuwar kwanaki, aka naɗa ɗan amarya, Aegon. Martin ya ɗauko ƙashin labarin daga basasar Ingila da ta biyo bayan mutuwar Sarki Henry na Ɗaya a 1135, lokacin da Stephen ya haye kujerar da aka yi wa Matilda alkawari. Bakano kuma zai tuna basasar Tukur da Yusufawa daga 1893 zuwa 1895, jikokin Dabo suna yaƙar juna. Abin da ya ƙaru a nan shi ne kowane ɓangare yana da dodanni. Kuma dodon Martin makami ne kawai. Ba ya magana, ba ya ba da shawara, sirdi ake ɗaura masa a hau.

Duba yadda sarƙar take. Tun suna yara, Lucerys ɗan Rhaenyra ya tsiyaye wa kawunsa Aemond, ƙanen Aegon, ido ɗaya da wuƙa a wani faɗa. Shekaru suka wuce, suka haɗu a Storm's End kowa ya je neman goyon baya. Aemond ya bi yaron a cikin hadari a kan Vhagar, dodo mafi girma a ƙasar, ya hallaka shi da ɗan dodonsa Arrax. Sai Daemon, mijin Rhaenyra, ya aiko da saƙo cewa ido a bakin ido, ɗa a bakin ɗa. Aka yi hayar mutum biyu, wani mahauci da wani mai kama ɓeraye wanda ya san ramukan fada. Suka shiga har ɗaki suka tarar da Helaena, matar Aegon, da 'ya'yanta. A shirin talabijin an sassauta wurin. A littafi cewa suka yi ta zaɓi wanda za a kashe cikin 'ya'yanta maza biyu, Jaehaerys mai shekara shida ko Maelor mai shekara biyu. Ta roƙa a kashe ta, suka ƙi. Da ta rasa yadda za ta yi sai ta ambaci ƙaramin, ƙila don tana ganin bai san abin da ake ciki ba. Suka faɗa wa ƙaramin cewa uwarsa ta zaɓi mutuwarsa, sannan suka sare kan babban.

Na daɗe ban iya wuce wannan shafin ba. Mu da muka tashi da sanin cewa ƙisasi kan wanda ya yi kisa yake hawa, kuma wani ba ya ɗaukar laifin wani, muna ganin ɓarnar nan take. Aemond ne ya yi kisa, amma yana nan da ransa da dodonsa. Yaro ɗan shekara shida aka yanka a madadinsa. Haka littafin yake tafiya har ƙarshe. Taron jama'a suka yayyaga Maelor a Bitterbridge, sai kawunsa Daeron ya ƙone garin. Helaena ta faɗo daga tagar hasumiya. Talakawan birni da yunwa da haraji da tsoro suka ishe su suka afka wa gidan dodanni, aka kashe dodanni biyar, mutanen da suka mutu kuwa ba su ƙirguwa. Rhaenyra ta ƙare a bakin Sunfyre, dodon ƙanenta, a gaban ɗanta ƙarami. Shi ma Aegon bai daɗe ba aka ba shi guba. Duk a cikin shekara biyu.

Sadaukarwa fa? Akwai, amma sai ka tona. Wadda ta fi tsaya mini a rai ita ce ta Addam Velaryon, ɗan gaba da Fatiha da ya samu dodo ya yi wa Rhaenyra yaƙi. Da wasu irinsa biyu suka ci amanarta, sai ta ba da umarnin a kama shi ma, ba tare da ya yi komai ba. Ya gudu. Yana da damar komawa wurin abokan gabanta, bai koma ba. Ya tara mayaƙa ya kai hari Tumbleton da daddare da sunan sarauniyar da ta kira shi maci amana, ya mutu a can shi da dodonsa Seasmoke. Kalma ɗaya aka rubuta a kabarinsa, ma'anarta mai riƙon amana. A 'yan shafuka aka ba da labarinsa, guguwar ta ci gaba.

Wannan littafi ya iya nuna cewa ramuwar gayya ta fi gayya zafi, kuma zafin a jikin na gefe yake sauka. Rauninsa a wurina shi ne gawa ta yi yawa har zuciya ta daina motsi. Kana kaiwa wani wuri sai ka ga ƙirga kake yi.

Tolkien: mutumin da takobinsa ya cinye gidansu

The Children of Húrin ya fito a 2007, shekara 34 bayan rasuwar J. R. R. Tolkien. Ɗansa Christopher ne ya harhaɗa shi daga rubuce-rubucen da uban ya fara tun wajen ƙarshen Yaƙin Duniya na Ɗaya, yana ɗauke da tasirin labarin Kullervo na waƙoƙin gargajiyar Finlan. Wanda ya san Tolkien ta hanyar finafinan zobe, wato The Lord of the Rings, kaɗai zai sha mamaki, don nan babu raha, babu dawowa gida lafiya.

Da sadaukarwa labarin ya buɗe. A wani babban yaƙi da aka ci su, Húrin da ƙanensa Huor suka tsaya a baya da mutanensu suka tare hanya, don Sarki Turgon ya samu ya tsira da rundunarsa zuwa ɓoyayyen birninsa. Huor ya mutu, aka kama Húrin da rai. Morgoth, uban mugayen duniyar, ya nemi ya faɗi inda birnin yake, ya ƙi. Sai ya yi masa baki, shi da matarsa Morwen da 'ya'yansu, ya ɗaure shi a kan kujerar dutse a ƙololuwar tsauni, shekara 28 yana kallon abin da ke samun iyalinsa ba ya iya motsi. Uba ya riƙe amana, 'ya'ya za su biya.

Ɗan shi ne Túrin, kuma a kansa littafin ya fi na Martin zurfi nesa ba kusa ba, domin ba ka taɓa tabbatar ko bakin ne ya kama shi ko halinsa. Sarki Thingol ya riƙe shi kamar ɗan cikinsa. Wani bafade, Saeros, ya yi masa gori da matan ƙasarsu a wurin cin abinci, Túrin ya jefe shi da ƙoƙon sha. Washegari Saeros ya yi masa kwanton ɓauna, Túrin ya fi ƙarfinsa, ya tuɓe shi ya kora shi cikin daji har ya faɗa rami ya mutu. Túrin ya bar fadar ya shiga daji. Sarki ya bincika ya yafe masa, aka bi shi da saƙon afuwa, girman kai ya hana shi dawowa.

Wurin da ya fi karya mini zuciya shi ne na Beleg, amininsa, wanda ya bar fada ya bi shi daji saboda ƙauna. Maƙiya suka kama Túrin suka ɗaure. Beleg ya bi sawunsu, ya sato shi cikin dare yana sume, ya sa takobi zai yanke masa mari. Bakin takobin ya zame ya soki ƙafar Túrin. Ya farka cikin duhu ya ga mutum tsaye a kansa da makami, ya fizge ya kashe shi. Sai walƙiya ta haska fuskar. Daren da na karanta wurin nan an ɗauke wuta, da fitilar waya nake karatu, na kashe ta na zauna shiru a cikin duhu ban san tsawon lokacin da na ɗauka ba.

Dodon wannan littafi, Glaurung, ba shi da fukafukai, da ciki yake ja. Yana da wuta, amma idonsa da harshensa sun fi wutar ɓarna. Túrin ya sa mutanen Nargothrond, birnin da ya samu mafaka bayan mutuwar Beleg, waɗanda suka daɗe suna tsira ta hanyar ɓuya, suka gina gadar dutse a bakin ƙofarsu don a riƙa fita yaƙi a fili. Manzanni suka zo da gargaɗi a rushe ta, ya ƙi. Ta kan gadar Glaurung ya shigo. Ya kafe Túrin da ido ya kasa motsi, maƙiya suna jan Finduilas, 'yar sarkin birnin wadda ke sonsa, tana kiran sunansa. Sannan dodon ya gauraya masa gaskiya da ƙarya, ya ce uwarsa da ƙanwarsa suna can cikin bauta shi yana nan yana ado. Túrin ya bar Finduilas ya ruga ƙasarsu, ya tarar sun daɗe da barin wurin. Cikin fushi ya kashe Brodda, baƙon da ya mamaye dukiyarsu, a zauren gidansa. Ya huce haushinsa ya tafi, ya bar tsofaffi da matan danginsa da za a rama a kansu. Ita kuma Finduilas aka soke ta da mashi a jikin bishiya.

Sauran ya fi wannan muni. Glaurung ya shafe tunanin ƙanwar, Niënor, wadda Túrin bai taɓa gani ba. Ya tsince ta a daji ba ta san sunanta ba, ya aure ta, ta ɗauki ciki. A lokacin ya sake wa kansa suna Turambar, wai wanda ya mallaki ƙaddara, sunan da kunnen Musulmi yana ji ya san ba za a ƙare lafiya ba. Ya kashe dodon da jarumtar gaske: ya maƙale a jikin kwazazzabo cikin dare, da dodon ya zo tsallakawa ya burma masa takobi a ciki daga ƙasa. Ya ceci mutanen Brethil, dajin da yake zaune a cikinsa. Amma da numfashinsa na ƙarshe Glaurung ya faɗa wa Niënor ko wane ne mijinta. Ta faɗa kogi. Túrin ya kashe Brandir, gurgun da ya kawo masa gaskiyar labari, yana ganin ƙazafi ne. Da ya tabbatar, ya kifa a kan takobinsa.

A nan mai ramuwar da kansa ne yake biya, amma sai da ya bi ta kan duk wanda ya taɓa ƙaunarsa. Muna cewa hali zanen dutse, muna kuma cewa tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Tolkien ya haɗa karin maganar biyu a jikin mutum ɗaya ya ƙi raba gardama. Aibin littafin shi ne iska ba ta shiga ta ko'ina. Ba zan miƙa shi ga wanda ke cikin baƙin ciki ba.

Le Guin: wanda ya biya daga aljihunsa

Ursula K. Le Guin, Ba'amurkiya da ta rasu a 2018, ta fara labaran Earthsea da A Wizard of Earthsea a 1968. The Tombs of Atuan ya biyo baya, sai The Farthest Shore a 1972, sannan bayan shekara 18 ta dawo da Tehanu a 1990. Duniyar tsibirai ce, yawancin mutanenta masu duhun fata ne, har da jarumin, Ged, wanda ya tashi yana kiwon awaki. Dodanninta su ne suka fi na kowa kwarjini. Suna magana da harshen farko da aka yi duniya da shi, sun girmi mutane da hikima, kuma a can babban matsayi shi ne a ce dodo ya yarda ya yi magana da kai maimakon ya cinye ka.

Shi ma Ged da ramuwa ya fara. Yana ɗalibi wani abokin karatunsa, Jasper, ya riƙa yi masa kallon ɗan ƙauye. Don ya nuna masa iyakarsa sai ya kira ruhin matacciya, ya yage wani abu a duniya, wata inuwa ta fito ta yayyage masa fuska. Shugaban makarantar, tsoho Nemmerle, ya ƙarar da ƙarfinsa wajen rufe ɓarakar ya mutu. Tun daga nan yaron ya san cewa wani ya biya masa bashi.

Sai wurin da nake so ɗan ƙanwata ya karanta da idonsa. Aka tura Ged ya tsare wasu matalautan masunta da dodon Pendor ke yi wa barazana. Inuwar nan tana farautarsa, bai san sunanta ba, kuma a duniyar nan sai ka san sunan abu na gaskiya kake iya rinjayarsa. Ya shiga jirgin ruwa shi kaɗai ya je Pendor, ya kashe wasu daga 'ya'yan dodon, sannan ya kira tsohon da sunansa, Yevaud. Dodon ya ga an kama shi, sai ya kawo ciniki. Ya yi tayin duwatsu masu daraja, Ged bai kula ba. Sai ya ce zai faɗa masa sunan inuwar da ke binsa. Wannan shi ne abu ɗaya a duniya da Ged yake buƙata don ya tsira da ransa, kuma buƙata ɗaya tak zai iya tilasta wa dodon. Ya sa shi ya rantse ba zai taɓa tashi zuwa tsibiran mutane ba. Ya juya jirginsa ya koma da inuwarsa a bayansa. Babu wanda ya gani, babu jinin wani a ciki.

A The Farthest Shore ya tsufa, shi ne shugaban masana. Duniya ta fara lalacewa, mawaƙa suna manta waƙa, masu sana'a suna manta sana'a, har dodanni suna rasa harshensu suna cin junansu. Wanda ya jawo haka wani ne mai suna Cob, da ya buɗe ƙofa tsakanin rai da mutuwa don kada ya mutu. Me ya sa yake tsoron mutuwa haka? Ged ne. Shekarun baya ya tarar da Cob yana kiran ruhin Nemmerle don nishaɗin 'yan kallo, ya fusata, ya ja shi da ƙarfi zuwa ƙasar matattu don ya hora shi. Horon nan da aka yi cikin fushi shi ya haifi bala'in. Ged bai ɓoye wa kansa wannan ba. A gaɓar Selidor dodo Orm Embar ya faɗa kan makamin Cob ya mutu a madadin Ged, dodo ya ba da ransa saboda mutum. Ged kuma ya shiga ƙasar matattu da yaro Arren, ya zuba duk baiwarsa, har ɗigon ƙarshe, ya rufe ƙofar. Ya fito da rai, amma babu komai a hannunsa.

Marubuta da yawa a nan za su tsaya, da tafi da guɗa. Tehanu ya bi shi gida. Ga mutumin da sarakuna ke miƙe wa tsaye, yana ɓuya don kunya, ya koma kiwon awaki a kan tsauni. Na ga irin wannan a gidanmu. Baffana ya yi shekaru a kan babban muƙami, ƙofar gidansa ba ta rabo da motoci. Aka kawo masa takarda ya sa hannu, ya san zalunci ce, ya ƙi, ya ajiye aikin. A makon kowa ya yaba masa. Abin da ba a ba da labarinsa shi ne shekarun da suka biyo baya, yana zaune a dakali da rediyonsa, waɗanda suke durƙusa masa da suna ɗaga masa hannu daga cikin mota ba su tsaya ba. Ban taɓa jin ya ce ya yi nadama ba, ban kuma taɓa ganin ya daina jin ciwon ba. Le Guin ce kaɗai cikin ukun ta rubuta waɗannan shekarun.

A littafin ne kuma take fuskantar zaluncin da ya fi cancantar ramuwa. Tenar, bazawara mai gona, ta ɗauki riƙon wata yarinya, Therru, wadda mutanenta suka ci zarafinta suka jefa ta wuta, rabin fuskarta da hannu ɗaya suka ƙone. Mutanen suka biyo ta har gona cikin dare. Ged da ba shi da sauran sihiri ya soki ɗayansu da cokalin kwasar ciyawa. Sannan shi da Tenar suka jawo mutumin cikin gida suka ɗaure masa rauni don kada ya mutu, aka miƙa shi ga hukuma. Fushin Tenar na gaske ne, kana jin zafinsa a shafi, amma aikinta na kullum shi ne ta koya wa yarinyar kaɗi da saƙa da yadda za ta ɗaga kai a cikin mutane. A ƙarshe wuta ta zo: Therru ta kira Kalessin, babban dodanni, ya ƙone mugun masihircin da ke shirin jefa Ged da Tenar daga kan dutse. Gaskiya wannan ƙarshen ya zo da gaggawa, kamar an rufe taro ana tsakiyar magana. Kuma mai neman arangamar dodanni a sama shafi bayan shafi zai ga littattafan nan sun cika natsuwa.

Abin da mai saye zai duba

Da Turanci na karanta su duka, kuma Turancin ya bambanta. Na Le Guin gajerun jimloli ne masu tsabta, ɗan sakandare mai ƙoƙari zai bi. Na Martin ma ba shi da wuya, sunaye ne matsalar: Aegon, Aemond, Daemon, Daeron, Rhaenyra, Rhaenys, sai ka ajiye takarda a gefe kana zana bishiyar dangi. Shafukansa sun kai wajen ɗari bakwai, kuma yaƙin da ake nema sai ka yi nisa kafin ka iso shi, domin littafin ya faro ne tun daga kafa daular. Na Tolkien tsohon salo ne mai nauyi, babin farko cike da asalin dangi, amma gajere ne, shafi ɗari uku da 'yan kai. Littattafan Earthsea huɗu na farko kuma ana samunsu a ɗaure cikin kundi ɗaya, wanda ga mai kuɗin littafi ɗaya ba ƙaramin abu ba ne.

Sai maganar tarbiyya, wadda ba zan yi wa kowa rufa-rufa a kanta ba. A littafin Martin auren wa da ƙanwa al'adar gidan sarauta ce, ana yi da gangan, ga batsa a fili. Ba littafin da kawu zai miƙa wa ɗan ƙanwarsa hannu da hannu ba ne. A na Tolkien abin ya faru cikin rashin sani kuma an nuna shi a matsayin masifa, sai dai akwai kisan kai har biyu a ƙarshe. Na Le Guin cike yake da sihiri, kuma yadda ta siffanta lahira ya yi nesa da aƙidarmu, tunaninta ya fi karkata ga falsafar Tao ta ƙasar Sin. A karanta shi a matsayin ƙagaggen labari. Tehanu kuma yana maganar cin zarafin yarinya, ba tare da zayyanawa ba, amma ba na ƙananan yara ba ne.

Idan siyasar fada da makircin gado ne ke jan ka, kuma kai babba ne mai ƙarfin zuciya, ɗauki Martin. Idan kana son labari ɗaya da zai buge ka a ƙirji ka yi mako kana juya shi, Tolkien ne, kuma a wajen ƙarfin labari zalla shi na sa a gaba. Amma yaron nan cewa ya yi yana son wanda zai daɗe yana damunsa. Na Martin ya girgiza ni sannan ya sake ni. Na Tolkien ya sa ni kuka. Ged a bakin Pendor kuwa, shi nake tunawa duk ranar da aka ba ni zaɓi tsakanin abin da zai fisshe ni da abin da aka ba ni amanarsa.

Da jibin ta zo na ce ya sayi kundin Earthsea, in ya gama zan ara masa Húrin nawa, Martin kuma ya jira tukuna. Ya ɗan ɓata fuska ya ce, "Kawu, amma dai akwai faɗan dodo a ciki?" Na ce akwai, ya yi haƙuri ya kai babi na biyar. Ya koma makaranta da littafin a jakarsa. Shekaranjiya wajen ƙarfe ɗayan dare saƙonsa ya shigo wayata: "Kawu, me ya sa bai karɓi sunan ba? Ai da ya huta." Ban ba shi amsa ba tukuna. Akwai sauran littattafai uku a gabansa.